Hannun Wa Ke Ƙasa a Farin Wata

Asabar, 22 ga Fabrairu

Tun ina saurayi na ji wani direban babbar mota, Purev, mai kawo mana gishiri da ganyen shayi daga birni, yana cewa wai akwai ƙasashen da mutum ba ya ƙirga zaman da ya yi a cikin uwarsa. Wai ranar da ya faɗo ba shi da shekara ko ɗaya, sai ya yi wata goma sha biyu yana shan nono kafin a ba shi ta farko. Kuma wai kowa da ranar tsufansa daban, ba a taruwa a ƙara shekara tare da safiyar Farin Wata, bikin sabuwar shekararmu, kamar yadda mutane suke yi. Dariya na yi. Purev ɗin nan shi ne ya taɓa rantse mana ya ga kifin da ya fi raƙumi girma. Na san takardar gwamnati haka take ƙirga, amma wannan lalacin magatakarda ne. Ban yarda akwai mutumin da zai buɗe bakinsa ya tauye wa uwarsa wata tara ba.

Abin da ya tuno mini da shi, baƙo za mu yi. Puleng, likitar dabbobin nan da ta zo mana daga Lesotho, shekara uku ke nan tana leƙa bakin awakinmu, mahaifinta ya zo ganinta, ta ce tana so ya ci bikin a gidanmu. Zai sauka a tantin ɗana Chimed, taku talatin daga namu.

Ya zo a daidai. Bana ba kamar sauran shekaru ba ce. Tsoho Namjil ya rasu a lokacin kaka yana da casa'in da uku, yanzu duk kwarin nan babu wanda ya girme ni. Safiyar biki zan shiga tamanin da biyu. Tun ina da baƙin gashi nake ɗaura sirdi da sanyin safiya in je ƙofar wani in sa hannuwana a ƙarƙashin gwiwar hannunsa, yadda ƙarami yake gaida babba. Bana kowane doki a turkena za a fara ɗaure shi. Ba na alfahari. Rubutawa kawai nake yi.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Matata Tsermaa da surukarmu Delgermaa sun gama naɗin buuz, ƙullin fulawa mai nama a ciki da ake turarawa. Dubu da ɗari huɗu, sun jera su a rufin rumfa sun daskare kamar tsakuwa. Ni aka ba yankan nama, aka kuma ƙwace wuƙar, wai ina yanka manya ina ba da labari.

Sodnom maƙwabcina ya leƙo shan shayi. Shekara uku na ba shi, kuma bai taɓa yafe mini ba. Ya kalli sabuwar hulata a rataye ya ce, "Yaya Yondon, wannan hular ta babban kwari ce ko ta wanda ake zaton zai zama?" Na ce ya shanye shayinsa kafin ya huce kamar maganarsa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Baƙo ya iso da hantsi. Sunansa Motlatsi. Na gwada sau uku, harshena ya ƙi hawa tudun da ke tsakiyar sunan, na koma kiransa Mai Bargo, don da wani bargo mai kauri ya sauko daga mota, ya soke shi da ƙaton fil a kafaɗa. Baƙi ne, dogo, gemu fari fat. Na yi zaton zai ruga murhu kamar sauran baƙin da ake kawo mana, masu ɗaukar hoton kare da tukunya. Ina! Ko ƙofar bai kalla ba. Garke ya nufa, ya cafke wani rago ta ƙafar baya da hannu ɗaya, ya ɗaga masa leɓe, ya nuna mini yatsu huɗu. Shekara huɗun ne kuwa. Ya taɓa jelar, ya auna kitsen a tafinsa, ya faɗi wata magana. Puleng ta ce, "Kaka, wai ya ce wannan ba jela ba ce, matashin kai ne."

Ashe a kan duwatsu ya tashi, da tumaki da doki da ƙanƙara. Ban san akwai ƙanƙara a wajensu ba. To, ga wani abin da Purev bai faɗa mini ba.

Da aka zauna aka ba shi shayi, ya kurɓa ya ji gishiri, ya ɗan tsaya, ya shanye, ya miƙa ƙoƙon a ƙara. Tsermaa ta ƙaunace shi nan take.

Sai na yi tambayar da dole a yi, don a san inda kowa zai zauna. Puleng ta juya masa, ya amsa, ta ce, "Tamanin da ɗaya." Wani daɗi ya sauko mini har yatsun ƙafa. Na ce a gaya wa ƙanena ya saki jiki, nan gidan yayansa ne.

Sodnom da ba a rasa shi inda ake dafa nama ya ce, "Tamanin da ɗaya da ƙirgar wa? An ce su ba sa lissafa ciki." Na ce tatsuniyar direbobi ce. Ya ce to a yi musu yadda ake yi wa rago, a ɗaga leɓe a duba. Puleng ta fassara. Mai Bargo ya ƙyalƙyale, ya buɗe baki da kansa: biyu a ƙasa, sama babu. Na buɗe nawa: ɗaya. Sodnom ya ce, "Shi ke nan, waɗannan biyun ko mahauci ba zai iya raba musu gardama ba."

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Shara da kakkaɓe shimfiɗu. Mai Bargo ya yini yana ɗebo busasshen kashin shanu da Chimed, ba wanda ya sa shi. Ɗaya a baki ya fi biyu tsufa, ko makaho ya san wannan.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, jajibere

An dafa gadon bayan rago da jelarsa, an ɗora shi a tire. Na gina tulin gurasa da hannuna, hawa bakwai, na zuba busasshen cuku da alewa a kai. Chimed ya sa ƙanƙara guda uku a gefen ƙofa. Komai ya tafi daidai har la'asar.

Da la'asar Tsermaa ta ɗauko littafin da lama, malamin addininmu, yake fitarwa kowace shekara, ta sa tabarau, tana duba wa kowa ta inda zai fita gobe da safe da ta inda zai dawo. Nawa ta sani da ka, ni ɗan shekarar biri ne, don kowace shekara da dabbarta, goma sha biyu suna bin juna a jere. Ta leƙa wajen Puleng ta tambayo shekarar haihuwar baƙo. Ta dawo ta zauna ta daɗe tana bin shafi da yatsa. Na san wannan shirun. Shekara hamsin da takwas ina zaune da shi.

Ta ce, "Tsoho."

Na ce mene.

Ta ce, "Baƙonka tunkiya ne."

Na ce ai na ga alama, tun da ya zo yake cikinsu.

Ta cire tabarau. "Shekarar tunkiya, tsoho. Tunkiya sannan biri. Da ƙirgarmu gobe zai shiga tamanin da uku. Maganar Purev gaskiya ce."

Na ce littafin ƙila bugun bana ya zo da kuskure. Ta ce dabbobi goma sha biyu ba su sauya layi don ni ba. Na ce mutumin da bakinsa ya ce tamanin da ɗaya, wa ya isa ya ƙaryata baƙo a jajibere? Ta kalle ni ta saman ido ta ce ita ba za ta gaya wa kowa ba, ba ita ce za ta miƙa hannu gobe ba. Ta tashi ta ɗora tukunya.

Na ci buuz ashirin da biyu, don jajibere ba a barin sauran wuri a ciki.

Shekara ɗaya ce fa tak. Kuma shi baƙo ne, mako ɗaya zai yi ya tafi. Ni kuwa wa ya san ko zan ga wani Farin Watan?

Asabar, 1 ga Maris

Rana ta fito wasai, babu iska. Mun hau tudu mun gaida ta, mata suka watsa madara sama. Na fita ta inda littafi ya ce, Mai Bargo ya fita ta wani gefen da Puleng, na yi kamar ban ga cewa hanyarmu ba ɗaya ba ce.

Sannan na zauna a ƙuryar arewa, mazaunin babba, sabuwar riga, sabuwar hula, shuɗin ƙyalle shimfiɗe a hannuwana. Suka fara shigowa. Chimed, Delgermaa, jikoki daga birni da turarensu mai sa atishawa. Kowa ya zo ya sa hannu a ƙarƙashin nawa ya tallafe, ya ce, "Kaka, an zauna lafiya? An shiga shekara lafiya?" ni kuma in shinshina kuncin dama da na hagu. Dawakai a turke har babu wurin ɗauri, wasu a jikin keken shanu aka ɗaure su. Na ƙirga mutum arba'in da shida kafin azahar. Sodnom ya shigo yana gunaguni, ya tallafe ni kamar wanda aka ba buhun gishiri, ya ce a kunnena, "Gwiwar nan ta yi nauyi, Yaya, girma ne ko nama?" Na shinshina shi da ƙarfi har hularsa ta karkace.

Mai Bargo kuwa. An sa masa rigar Chimed shuɗiya, ya ɗora bargonsa a kai, ya ƙi rabuwa da shi. Puleng ta koya masa tun jiya. Ya tako a hankali, ya tsallake dokin ƙofa yadda ya kamata, ya sunkuyar da wannan tsawon nasa, ya zura manyan hannuwansa ƙarƙashin nawa. Ya faɗi gaisuwar da harshenmu, ta fito a karye gida uku, ɗaki ya ɗauki tafi. Na shinshina kuncinsa. Hayaƙin murhu da ulu, kamar kowane makiyayi. Da na ɗago sai na ga idonsa ya kawo ruwa, yana murmushi kamar yaron da aka ɗora a doki.

Tsermaa tana zuba shayi. Ni ta fara miƙa wa, da hannu biyu. Da ta zage ni da ya fi.

An yi musayar battar taba. Ba a gaya masa shinshinar murfi kawai ta isa ba, ya ɗebi gari ya ja da gaske. Atishawa bakwai, Delgermaa ta ƙirga. Ya share ido ya ce a ba shi kuma. Ya yi mana waƙar ƙasarsu da wata murya kamar daga ƙarƙashin dutse, Sodnom ya bi shi da tamu, suka haɗu a tsakiya ba wanda ya san inda ɗayan ya dosa. Na yanka masa kitsen jela da hannuna.

Rana ce mai kyau. Irin wadda na jira. Na rubuta wannan don in tuna na faɗa.

Lahadi, 2 ga Maris

Babba ba ya zuwa ko'ina. Wannan ban taɓa lura da shi ba lokacin Namjil. Zama kawai, kamar tulin gurasa, a zo a taɓa ka a wuce.

Da hantsi Chimed ya ɗaura wa Mai Bargo sirdi a jan dokina, suka tafi zagayen gidaje da Sodnom. Na leƙa ta ƙofa. Yana zaune a sirdi kamar a can aka haife shi, bargo na tashi a bayansa. Sun dawo da yamma suna waƙa, aljihunsa cike da alewa da safa da aka ba shi gida-gida.

Ni na shinshina mutum goma sha tara yau. Hancina ya gaji.

Ina wanke fuska sai na tsaya da hannu a kunci. Kwana biyu, mutum sittin da biyar, babu wanda ya kai hancinsa nan. Tsermaa ba za ta yi ba, miji da mata ba sa wannan gaisuwar. Namjil gemunsa yana suka, yana warin taba da man shanu, yana riƙe kaina kamar zai duba ko na nuna, ya ce, "Yondon ƙarami, har yanzu ba ka yi hankali ba?" Ina da tamanin da ɗaya yake ce mini haka. Bara ke nan.

Litinin, 3 ga Maris

Ban san yadda zan rubuta wannan ba tare da na zama abin dariya ba, to amma duk kwarin ya riga ya yi dariyar.

Da safe na sa hula, na ɗauki shuɗin ƙyalle, na nufi ƙofa. Tsermaa ta ce ina zuwa. Na ce gaisuwa. Ta ce ba a gaida mutum sau biyu a shekara ɗaya. Na ce ta farkon a kife aka yi ta, ba ta shiga lissafi. Ta ajiye ludayi ta biyo ni, ko mayafi ba ta ɗaura ba.

Taku talatin ne zuwa tantin Chimed. Na iske su a waje, Mai Bargo da Puleng da Chimed, ga kuma Sodnom, wanda hancinsa yake jin abin kunya tun daga bayan tudu. Chimed ya ga ubansa ya taho ƙofarsa da ƙyalle a hannu, fuskarsa ta yi fari, ya zaci na ruɗe.

Na ce, "Puleng, 'yata, gaya wa mahaifinki shi tunkiya ne, ni biri. Ya girme ni da shekara ɗaya. Na sani tun jajibere."

Sodnom ya ce, "Ahaf!" ya buga cinya.

Puleng ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Ta ce, "Kaka, shekara uku ina nan. Na san abin da nake fassarawa, na san abin da nake haɗiyewa." Ashe ita ma! Kowa ya sani sai dokina.

Ta gaya masa. Na jira ya ji daɗi, wa ba ya son girma? Sai na ga fuskarsa ta ɓaci. Ya girgiza kai, ya yi magana doguwa yana nuna ƙirjinsa. Ta ce, "Wai bai yarda ba. Ya ce a ƙauyensu duk sa'o'insa sun tafi, shekara tara ke nan kowa Baba yake ce masa, har limamin cocinsu. Ya zo ƙarshen duniya ya samu wanda ya kira shi ƙane, kwana biyu kacal, yanzu za a ƙwace? Ya ce shi tamanin da ɗaya ne, a wajensu ba a ƙirga ciki."

Na ce to in ba a ƙirga nasa ba kada a ƙirga nawa, ni tamanin ke nan, har yanzu yana gaba. Ya ce sam ba haka ba. Kowa ya riƙe ƙirgar gidansu. Na ce ƙafarsa a kan ƙanƙararmu take.

Ban jira fassara ba, na miƙa hannu na nufi ƙarƙashin gwiwarsa. Ya gane, ya sauke nasa ƙasa da nawa. Na ƙara sunkuyawa. Ya ƙara. Mutumin dogo ne amma bayansa ya fi nawa lanƙwasuwa. Na durƙusa da gwiwa ɗaya, ya durƙusa da biyu. Hannuwanmu suna share ƙanƙara kamar masu neman allura. Sodnom yana tsalle yana ihu, "Ku haƙa rami! Chimed, kawo musu shebur!" Hulata ta faɗi, bargonsa ya rufe mu duka, muka kife gefe guda. Ina jin dariyarsa a cikin haƙarƙarina.

Tsermaa ce ta raba. Ta tsaya a kanmu ta ce, "Ku tashi, 'yan tamanin marasa kunya, jikoki suna kallo. Tunkiya sannan biri, haka littafi ya ce. Kai baƙo, ka sha kwana biyu kana ƙane, ka bar wa mijina ko yini ɗaya." Puleng ta fassara, ban san me ta haɗiye ba a ciki. Ya kalle ni, ƙanƙara a gemunsa. Sannan ya tashi, Chimed ya kama shi, ya karkaɗe bargo, ya miƙo hannuwansa a sama.

Na sa nawa a ƙasa. Gwiwoyinsa ƙashi ne zalla. Na ce, an zauna lafiya, an shiga shekara lafiya? Ya kama kaina da hannu biyu, wannan ba wanda ya koya masa, ya shinshina dama, ya shinshina hagu. Gemunsa yana suka. Ya faɗi wata gajeriyar magana. Puleng ta ce, "Wai ya ce kai yaro ne mai taurin kai."

Iska ce ta shiga idona. Ta taso daga arewa daidai lokacin.

Na mayar da shi ƙuryar arewa a tantina, na zauna daga damansa. Tsermaa ta fara miƙa masa shayi. Nawa ya zo na biyu, kuma ya fi na shekaranjiya daɗi, ƙila ta ƙara gishiri. Da azahar na sa Chimed ya ɗaura sirdi biyu. Tunda akwai babba a kwari, ba dole in zauna gadin gurasa ba. Kuma babban da kansa ya ce shi ba zai zauna ba. Mun yi gida biyar.

Talata, 4 ga Maris

Cinyoyi. Baya. Ban iya sa takalmi da kaina ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Motar ta zo da hantsi. Tsermaa ta cusa masa buuz ɗari a jaka, Puleng na cewa ba za a bari ya hau jirgi da su ba, ita kuwa tana ƙara cusawa. Na ba shi battata ta dutse. Ya zare ƙaton fil ɗin bargonsa ya soka mini a ƙirjin riga, ya tafi yana riƙe bargon da hannu.

Sodnom ya ce, "To Yaya, girmanka ya dawo, mota ta tafi da mai gardama." Na ce girma ba ya bin mota. Mutum yana da wa ko da wan yana bayan teku. Na sa Puleng ta nuna mini ta inda ƙasarsu take, ta nuna kudu maso yamma, daidai saman garken awaki. Ba wani abu zan yi da shi ba. Don in sani ne kawai, ko baɗi da safiyar biki hanyar fitata ta faɗa ta can.

Maganar ƙirgar ciki kuwa, har yanzu ina ganin rashin kunya ce ga uwaye. Amma na daina cewa ƙarya ce. Purev ya faɗa ban yarda ba, Sodnom ya faɗa don ya ƙona mini rai, Tsermaa ta faɗa da littafi a hannu. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe, ta tagar mota, yana ɗaga yatsa ɗaya yana rantsuwa shi dai tamanin da ɗaya ne, shi ne Yaya Motlatsi.